Littafin Kuba a Ɗakin Ɗinkin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Laraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, 'yarki Ummulhairi ce ke rubuto miki daga gidanmu na unguwar Kudai, a nan Makka. Hajji biyu ke nan aka yi ba ki. Muna nan lafiya, ni da yara, da Yaya Mu'azu da iyalinsa, da matan mashgal, wato ɗakin ɗinki, gaba ɗaya. Na san babu ɗan aiken da zai kai wannan takarda maƙabartar Shara'i. Na kuma san masu bibiyar rubutuna za su karanta ta. Su karanta, babu abin ɓoyo a ciki. Amma da ke nake magana.

Albishirinki, Inna. Na san da kina kusa da tuni kin ce goro fari. Ɗakin ɗinkinki yana nan da ransa. Ya kusa rufuwa, har an yanka masa wa'adi, amma Allah bai nufa ba. Abin da zai ba ki dariya, mutanen wata ƙasa ce can bayan teku suka kama mana, ƙasar da ba ki taɓa jin sunanta ba, kuma su ma ba su san sun yi ba.

Bari in ɗauko miki daga inda kika bar mu.

Kin san ni ba gwanar keke ba ce. Aikin ofis nake yi a makarantar 'yan mata, ciwonki ne ya sa na ajiye shi na dawo gida. Kin kuma san halin Hausata. Kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a garin nan, ke ki yi mini Hausa, ni in mayar miki da Larabci. Ina ji sarai, amma da na buɗe baki sai harshen ya harɗe. Kullum kina tsokanata, kina cewa Hausar Hairi shayi ce da aka cika wa ruwa, launin kawai ya rage.

Da aka gama kwanakin ta'aziyya na buɗe mashgal, na zauna a teburin yanka kamar yadda kika roƙe ni. A nan na gane abin da ke riƙe da ɗakin. Bakinki ne, Inna. Tun safe har la'asar kina zuba: labarin kasuwar Katsina, tsokanar wannan, lallashin waccan, ƙorafin tsadar yadi, hannaye na ta aiki ba wadda ta lura da wucewar rana. Da kika tafi sai ya rage ƙarar kekuna da gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. In na ba da umarni da Larabci su ce tayyib, wato to, idonsu a kan allura, kowace ta ci gaba da abin da ta ga dama.

Gwaggo Dije, aminiyarki da kuka shigo ƙasar nan tare kuna 'yan mata, ta daina yi mini magana in ba gaisuwa ba. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Ina jin duk sanda ta ɗaga kai ta gan ni a kujerarki, ciwon yake dawo mata sabo. Ita da Balki kuwa, 'yar Damagaram ɗin nan mai saurin hannu da kika ɗauka bayan rasuwar mijinta, suka saɓa a kan wa za ta riƙa yanka, tunda aikinki ne a da. Gwaggo na ganin ita ce babba, Balki na ganin idon Gwaggo ya yi rauni, kuma kowace da gaskiyarta. Aka daina cin abinci a faranti ɗaya. Mariya da ƙanwarta, su ma cikin masu ɗinkinmu, suka ce za su huta kwana biyu, shi ke nan ba su dawo ba.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci, Yaya Mu'azu ya ce in zauna mu yi magana. Bai zo da faɗa ba. Ya ce ɗakunan nan biyu na ƙasa da mashgal ke ciki suna dab da tashar motocin Harami, kowace shekara ejojin alhazai suna tambayarsa ya ba su hayarsu. Ya ce yana ganin yadda nake ramewa, kuma ke da kanki ba za ki so in kashe kaina a kan abin da ya riga ya mutu ba. Na dai roƙe shi ya bar mini mausimi ɗaya, wato lokacin aikin Hajji guda. Ya ce to, bayan Hajji sai mu sake zama.

A cikin Rajab na je unguwar Aziziyya sayen zare da roba. Na tarar mai shagon bai dawo daga salla ba, rana kuma na dukan ƙeya, sai na faɗa kantin littattafai da ke maƙwabtaka da shi don in sha sanyi. Ina cikin zagayawa idona ya sauka a kan bangon wani littafi. Wata tsohuwa ce baƙa, da farin ɗankwali, zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, faranti a cinyarta tana tsintar shinkafa. Zamanki ne sak, har yadda kike karkatar da kai. Na biya kuɗinsa ban ma duba abin da ke ciki ba.

Sai a mota na ga littafin tafiya ne da Larabci. Wani mutum ne ya yi watanni a wani tsibiri da ake kira Kuba, kusa da Amurka, ya dawo ya rubuta yadda ya ga mutanen suna rayuwa.

A mashgal nake karanta shi, tunda ba mai yi mini magana. Mutumin bai sauka a otal ba. Ɗaki ya kama a gidan wasu talakawa a birnin Habana, yana bin uwar gidan layin burodi, yana zama a kicin ɗinta yana kallon yadda take raba ɗan abin da ke akwai. Ya ce su layinsu ba a jere ake tsayawa ba. In ka iso sai ka tambaya wane ne na ƙarshe, a nuna maka shi, ka riƙe fuskarsa, ka je ka nemi inuwa. Ya ce tsofaffin da ke saman bene sukan zuro kwando da igiya, mai talla ya sa musu burodi su ja sama, kamar yadda kike yi a tsohon gidanmu na kan dutse kafin a rushe unguwar. Maza na buga dumna, wasan nan na 'yan katakai masu ɗigo-ɗigo, a bakin titi suna gardama. Ƙofofi a buɗe, maƙwabciya ta leƙo ta ari sukari ta zauna hira.

Bai kuma ɓoye wahalarsu ba. Wuta na ɗaukewa, kanti sai ka shiga ka tarar babu abin saye, kusan kowane gida akwai ɗan da ya haye teku neman abinci, uwarsa na jiran waya. Motocinsu sun girmi direbobinsu, abin da ya lalace babu sabonsa a kasuwa, sai dai su ƙera da hannu. Ina karantawa ina jin kamar na san mutanen nan.

Rannan na iso wani babi da ya sa na ajiye littafin a cinya. Ya ce a gidajen da ake naɗa taba da hannu akwai wani aiki da bai taɓa gani a ko'ina ba. Mutum guda ne ke hawa wuri mai tudu a gaban ma'aikata, ba ya naɗa komai, karatu kawai yake yi musu da babbar murya. Da safe jarida, da rana littafin labari. Su suke zaɓen wanda zai karanta, su suke zaɓen littafin. In karatun ya yi musu daɗi, tunda hannuwansu ba su da sukunin tafi, sai su ƙwanƙwasa teburansu da wuƙaƙen aikinsu.

Na ɗaga kai na dubi ɗakinmu, kowace ta sunkuyar da kai kamar gidan makoki. Ban san na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi ba sai da Balki ta tambaye ni lafiya. Na fara yi mata bayani da Larabci, ta ce in yi mata da Hausa, wannan Larabcin na littafi ya fi ƙarfinta. Na harhaɗa abin da zan iya. Da na ce sunan ƙasar Kuba, sai ta tambaya, kuba irin ta ƙofa? Ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka taya ta. Tun rasuwarki ba a yi dariya a ɗakin ba sai ranar. Ta share hawaye ta ce to ai mu ma ma'aikata ne, in hau kujera in karanta musu.

Gwaggo Dije ce ta katse mu. Ba ta dube ni ba, ta ce, "A garin ga da ake ɗawafi za a zaunar da mu a karanta muna labarin 'yan taba da makaɗa? Da Laraba na da rai ba ta yarda."

Maganar ta soke ni, Inna. Amma a karon farko na ba ta amsa da Hausa, gurguwa dai, amma Hausa. Na ce ban san abin da za ki yi ba, na dai san ke ce kike gaya mana tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma mu da ba mu da halin tafiya ko kunnenmu ya je. Na ce azkar ɗin safe da kika saba mana ba abin da zai taɓa shi, karatun sai bayan azahar, kuma ranar da suka ce ya isa zan rufe littafin. Sauran suka ce a karanta. Gwaggo ta taka kekenta da ƙarfi, alamar ita ba ta ciki.

Ban taɓa shan wuya irin ta makon farko ba. Ido na ganin Larabci, baki kuma dole ya fitar da Hausa. Na ce da mace shi, na ce da namiji ita. Teku na kira shi bahar, mota sayyara, inda na kasa gaba ɗaya sai in kwatanta da hannu. Balki na dariya har allura ta soke ta. Sau biyu na ce na bari, suka ce ai ba a barin mutum a tsakiyar layin burodi, in gaya musu ko matar ta samu.

Gwaggo kuwa da na fara sai ta taka keke, ba ta ɗaga ƙafa sai na rufe littafi.

Wata rana marubucin ya fita birni ya shiga ƙauye, ya tarar da gonaki iya ganin ido. Na zo kan sunan abin da aka shuka na cije. Na ce kara, na ce karan sukari, na ce wannan da ake tauna a zubar. Sai na ji keken Gwaggo ya tsaya cak.

"Rake," ta ce, kanta a sunkuye. Ta sake taka kekenta.

Ashe duk ƙarar nan kunnenta na wajena. Washegari na ce bamiya, ta ce kuɓewa. Na ce zambil, ta ce kwando. Tana faɗa kamar mai jifa, amma tana faɗa. Har na fara tsayawa da gangan a kan kalmar da na sani, don kawai in ji muryarta.

A tsakiyar Sha'aban muka zo inda ya ziyarci wata tsohuwa a wani gari na bakin ruwa. Kakannin kakanninta daga ƙasashenmu na baƙar fata aka kwaso su a jirgin ruwa, a ɗaure, aka kai su noman rake. Ta rera masa waƙoƙin da ta gada daga kakarta, da wani harshe da ba na ƙasar ba. Ta riƙe kalmomin tsaf, amma da yawansu ba ta san ma'anarsu ba. Ta tambaye shi, tunda shi matafiyi ne, ko ya taɓa zuwa inda ake jin wannan magana. Bai taɓa ba.

Da na gama babu keken da ke motsi. Gwaggo ta cire tabarau ta ajiye, ta ce su waɗancan ƙarfi aka yi musu, mu kuwa da ƙafarmu muka zo, ga shi muna sakin namu da hannunmu, wata rana jikokinmu haka za su riƙa rera abin da ba su sani ba. Sannan ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da ke.

"Hairi, ɗiyata, koma ki sake karanta wurin ga. A hankali. In kin yi tuntuɓe ina nan."

Na koma farko. Ta gyara mini nan, ta gyara mini can, har na kai ƙarshe. Da na rufe littafin ta ɗauki almakashinta ta ƙwanƙwasa tebur da gindinsa. Balki ta bi, sauran suka bi, ɗakin ya ɗauka. Na kifa kaina a kan yadin da ke gabana na yi kukan da ban samu yi ba a kwanakin ta'aziyya, don a lokacin ina ta hidimar baƙi.

Daga ranar abubuwa suka fara warwarewa, ba lokaci guda ba. Labari ya kai wa Mariya cewa ana karatu a mashgal. Ta zo wai ɗaukar ma'auninta da ta manta, ta tarar muna tsakiyar labarin wani direba da motarsa ta mace masa a hanyar kai amarya. Ta zauna a bakin kujera da jaka a hannu don ta ji ƙarshensa. Ba mu kai ƙarshensa a ranar ba. Da safe sai ga ta ita da ƙanwarta.

Kin tuna baƙin kekenki na ƙafa, wanda igiyarsa ta tsinke muka tura shi lungu muka ɗora masa kwalaye? Na nemi irin igiyar har Jidda ban samu ba. Da muka ji yadda direban nan ya ɗaure injinsa da abin da ya tsinta a hanya har ya kai amarya, Balki ta ce abin kunya ne a ce mutanen Kuba sun fi mu dabara. Ta yanko hannun wata tsohuwar jakar fata ta fere shi siriri. Gwaggo ce ta san yadda ake huda bakin a ɗinke, ita kuma ba ta ganin ramin. Dole ɗaya ta riƙe ɗaya ta soka. Suna yi suna faɗa, wannan ta ce ja, waccan ta ce kin cika gaggawa, har keken ya juya. A kansa suka raba aikin yanka ba tare da na sa baki ba: Gwaggo ta auna ta zana da alli, Balki ta bi da almakashi.

Kafin azumi suka matsa sai mun dafa abincin da mutumin ke ta yabo, shinkafa da baƙin wake a tukunya ɗaya. Muka bar abin da ba ya halatta gare mu, muka bi sauran yadda ya faɗa, da tafarnuwa da albasa da tattasai. Aka juye a babban faranti, kowa ta sa hannu. Gwaggo ta tauna, sannan ta yanke hukunci: garau-garau ne da aka yi wa rowar yaji. Ta buɗe jakarta ta fito da ƙullin yajinta ta barbaɗa mana. Sai da aka sauke tukunya ta biyu.

Da Ramadan muka ajiye littafin, muka koma ga Alƙur'ani. Ina tsoron bayan salla abin zai huce. Ranar da muka dawo aiki, ban ko gama zama ba Gwaggo ta tambaye ni ina muka tsaya da mutanenmu. Mutanenmu, haka ta ce.

A Shawwal wani eja ya kawo aiki mai yawa, hijabai da jakunkunan takalmi da 'yan ƙananan jakunkunan tsakuwar jifa. Irin aikin da ke kanki sai kin yi tunani kafin ki karɓa. Na tambaye su, suka ce in karɓa, amma da sharaɗin karatu ya ƙaru, safe da rana. Murya ta dishe mini, Mariya ta riƙa dafa mini citta da zuma. In na gaji sai su ɗauki gardama a kan abin da aka karanta: ko matar gidan ta kyauta da ta bar ɗanta ya hau kwalekwale, ko mu da muke nan da 'yan'uwa a gida suna jiran waya mun fi shi. Kowace da nata a ciki. Wasu kin san halin takardunsu da shekarun da suka yi ba su ga gida ba, ba sai na faɗa a nan ba. Ana magana ana share hawaye, ɗinki na tafiya. Muka gama aikin kafin alhazan su sauka, ba a dawo mana da ko hijabi ɗaya ba.

Yaya Mu'azu ne ya zo kwasar kayan da motarsa. Ya yi sallama a bayan labule ba mu ji ba, ina tsakiyar karatu. Ashe ya daɗe a tsaye. Da na fito na same shi zaune a kan kwali, ya rufe fuska da gefen shimaginsa, ƙyallen da yake yafawa a ka. Ya ce da ya shigo soro ya ji murya, sai ya zaci ke ce. Ya tambaye ni yaushe na koyi magana haka. Na ce ina kan koyo.

Ban jira bayan Hajji ba, na tambaye shi maganar ɗakunan. Kin san shi ma Hausarsa sai a hankali, amma da ita ya amsa mini. Ya ce, "A bar su. Ɗakin Inna ne." Bayan mausimi shi da kansa ya kira magina suka fasa bangon sito, aka ƙara mana fili.

A Muharram littafin ya ƙare. Marubucin ya yi sallama da masu masaukinsa, uwar gidan ta ƙulla masa ɗan kofi a takarda, ita da ba ta da wadatarsa. Na rufe bango, aka ƙwanƙwasa almakasai, sannan kowa ta yi jugum kamar mun raka baƙo tasha. Ina shirin cewa zan koma Aziziyya in nemo wani, Gwaggo ta tambaye ni wata nawa mutumin ya yi a can. Na ce bai cika shekara ba.

"Bai cika shekara ba ya cika littafi," ta ce. "Mu da muka haura hamsin a garin ga, wa ya rubuta mu? Tashi ki ba ni kujerar."

Na tashi, ta zauna. Inna, ashe ban san ki ba.

Ban san a bayan babbar mota kuka haɗu ba, ke da iyayenki daga Katsina, ita da kawunta daga Gobir, kuka raba ƙullin ƙuli-ƙuli ɗaya kafin ku san sunan juna. Ban san kun yi damina biyu a Sudan kuna tsinkar auduga don a tara kuɗin jirgin ruwa ba, ko cewa ke ce kike soya ƙosai a tashar jirgin ƙasa, kina kiran masu saye da Larabcin da rabinsa ke kika ƙirƙira. Ta ce ranar da kuka fara ganin teku kowa ya ja da baya, ke kika ruga kika kamfato da hannu kika kurɓa, kika tofar, kika juyo kina tambayar wane almubazzari ne ya ɓata ruwa mai yawa haka da gishiri. Ta ce kuma ranar da idonki ya sauka a kan Ka'aba, wuni guda ba a ji muryarki ba, har mahaifiyarki ta tsorata.

Na ce wannan ba zai tafi da iska ba. Wata malama 'yar Zariya da ta zo Umra ta shigo a rage mata hijabi, na roƙe ta ta nuna mini yadda ake rubuta Hausa da boko, da haruffan nan masu lanƙwasa. Har yau muna waya, ina tura mata tana gyarawa. Yanzu kowace Alhamis mace ɗaya ke hawa kujera ta ba da labarin hanyarta da zamanta a Makka, ni ina rubutawa. Yadda mutumin nan ya yi na koya: ina tambayar me aka ci, wa ya ba da aron tukunya, yaya aka yi ranar da ruwa ya yanke a unguwa. Balki ta ba da nata, Mariya ta ba da nata. Na Gwaggo ya ƙi ƙarewa, kullum sai ta tuno wani.

Makon jiya na karanta musu babin farko, naki. Da Hausa na rubuta shi tun daga farko, babu Larabcin da na jingina da shi. Matan suka zo da 'ya'yansu mata da jikoki, irina, masu ji ba sa iya mayarwa. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Yarana na zaune a gaba. Inda ba su gane ba suna tambaya, tsofaffin na rige-rigen ba su amsa. Na karanta tun daga bayan motar har bakin teku, Gwaggo na zaune kusa da ni ta kasa kunne tana jiran inda zan yi kuskure. Ba ta samu ba. Da na gama ta ce akwai dai wuri ɗaya, ƙuli-ƙulin nata ne ba naki ba, a gyara.

Na gyara, Inna. Ki yi haƙuri.

Da Gwaggo ta ji zan rubuto miki, ta ba ni saƙo. Ta ce in gaishe ki, in gaya miki tana nan tafe, amma kada ki ƙosa, sai ta gama ba ni labari.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Allah Ya saka miki da Aljanna a kan kowace mace da ta ci abinci ta dalilin ɗakin nan. Allah Ya ƙara wa Gwaggo Dije lafiya da nisan kwana. Mutanen tsibirin can kuma, masu jiran burodi da masu jiran waya, Allah Ya yaye musu ƙuncinsu, Ya shirye mu da su baki ɗaya. Ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
Hairi
Kudai, Makka